Ku san su wa kuke yi wa waƙa

A ƙauyen Rosa Morada da ke yankin Mocorito, jihar Sinaloa ta ƙasar Meksiko, wani magidanci ya ji rauni ya kasa aiki, sai 'ya'yansa suka ɗauki kayan kiɗa suna bin gidajen abinci don a samu na cefane. Babbansu, Jorge Hernández, bai ko gama tasawa ba. A 1968 suka tsallaka Amurka yin wasa, suka yada zango a San Jose ta jihar Kalifoniya, ba su koma gida da zama ba. Su ne ƙungiyar mawaƙa ta Los Tigres del Norte, kuma har yau, bayan shekara hamsin da ɗoriya, suna cika filin wasa. Ƙannena masu sha'awar waƙa, labarinsu nake so ku duba, don ni sai da na yi asarar ƙungiyata na fahimci abin da suka riƙe.

Ba su ƙirƙiro sabon salo ba. Corrido suke yi, tsohuwar waƙar ba da labari da kakanninsu suka gada, da akodiyon a gaba. Wani Bature ɗan Ingila, Art Walker, mai kamfanin Fama, shi ya ɗauke su ya sa suka ƙara kayan kiɗa na lantarki. Waƙar da ta fito da su a farkon shekarun 1970 labarin wata mace ce mai fasa-ƙwaurin tabar wiwi da ta harbe abokin tafiyarta. Da sun ga dama sai su zauna nan, su yi ta waƙar 'yan ƙwaya tunda ita ke kawo kuɗi, kuma sun yi da dama, har hukumomin Chihuahua da ke Meksiko suka taɓa ɗaukar mataki a kan haka. Wannan ɓangaren ban ce ku kwaikwaya ba.

Abin da ya tsayar da su wani abu ne daban. Sun duba su wa ke biyan kuɗin shiga wasansu, suka ga 'yan ci-rani ne: masu tsinkar inabi da tumatir, masu wankin kwanuka, leburorin gini, da yawansu ba su da takardar zama. Sai suka mai da kansu bakin waɗannan mutane. Waƙarsu "La jaula de oro", wato kejin zinariya, labarin mutumin da ya samu abin duniya a Amurka ne amma yana tsoron fita titi kar a kama shi, 'ya'yansa kuma sun juye da Turanci, ba sa son jin zancen Meksiko. Mutum ya yi awa goma yana sunkuye a gona, ya kunna rediyo ya ji an faɗi abin da ke cin ransa, ta yaya zai daina binku? Shi zai kawo ɗansa wasa, ɗan ya kawo jika.

Mu ma mun taɓa samun irin wannan. Ni da abokaina na unguwa muna da ƙungiya, muka yi wata waƙa a kan masu tafiya kudu neman kuɗi, su bar mata da ƙananan yara, sai da sallah a gan su. Ba gidan rediyon da ya sa ta, amma direbobi a tasha suka ɗauke ta, masu tura waƙa a waya suna sayar da ita, har daga Legas ake kiranmu. Maimakon in tsaya in ƙara wa mutanen nan ta biyu da ta uku, sai kakar siyasa ta zo. Wani ɗan takara ya aiko a kira ni, ni kaɗai, ya ce muryata yake so. Na karɓi kuɗi ban ko shawarci 'yan uwana ba, na shiga zuba masa kirari ina zagin abokin hamayyarsa. Rabin waɗanda suke saurarona 'yan ɗaya jam'iyyar ne, ban taɓa lissafa wannan ba. Aka yi zaɓe ya faɗi, wayarsa ta daina shiga. Na dawo unguwa na tarar abokaina sun watse, ɗaya ya koma ɗinki, ɗaya ya tafi cikin 'yan ci-ranin da muka yi wa waƙa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ban ce waƙar siyasa haramun ba ce, akwai waɗanda ta yi wa rana. Amma kafin ka karɓi kuɗin mutum ɗaya, ka zauna ka ƙirga mutum nawa za ka rasa saboda shi. Kuma in kuna ƙungiya, duk aikin da ya zo da sunan ɗayanku a kawo shi gaban kowa, a rubuta yadda za a raba kuɗi tun kafin kuɗin su zo. Su ma Tigres ɗin ba su tsira daga rabuwa ba: ɗan uwansu Raúl ya ware a shekarun 1990 ya kama tasa hanyar. Sai dai Jorge da ƙanensa Hernán da ɗan uwansu mai ganga, Óscar Lara, suna nan, ƙannensu Eduardo da Luis suka cike gurbi, sunan bai faɗi ba.

Sun ci kyautar Grammy ba sau ɗaya ba, a 2014 aka sa musu tauraro a titin karrama fitattu na Hollywood. Amma a 2018 sai ga su a gidan yarin Folsom na Kalifoniya, shekara hamsin bayan shahararren wasan da mawaƙin Amurka Johnny Cash ya yi a can, suna yi wa fursunoni waƙa da Sifaniyanci, maza daban, mata daban. Har suka hau da wani fursuna kan dandamali, ya karɓi akodiyon ya kaɗa tare da su.