Idan layin Kano ya cika, Kaduna ke ɗauka

Kamfaninmu ƙarami ne. Muna amsa kira a madadin masu sayar da kayan sola na biyan kuɗi kaɗan-kaɗan. Ɗakin aiki ɗaya a Kano, ɗaya a Kaduna, amma lambar da kwastoma ke bugawa ɗaya ce.

Manhajar da ke rarraba mana kira ita ce Asterisk, wadda Mark Spencer ya fito da ita a 1999, kuma kyauta ake samunta. Kira na shigowa sai ta nemi ma'aikacin da ya fi daɗewa bai ɗaga waya ba, ta miƙa masa. In kowa na kan layi a Kano, mai kira ya yi daƙiƙa 30 yana jira, sai ta tura kiran Kaduna ta intanet. Mizanin da 'yan sana'ar nan suka fi ambata shi ne a amsa kashi 80 cikin 100 na kira kafin daƙiƙa 20, kuma shi muke ƙoƙarin kamowa.

Tura kiran ba shi da wuya. Abin da nake tsayawa a kai shi ne me zai bi kiran. Dattijuwa ta bugo daga ƙauye, fitilarta ta mutu bayan ta biya kuɗi, ta danna 1 don Hausa. Dole wannan zaɓi ya raka ta har Kaduna, ya sauka a hannun wanda Hausa ta zauna a bakinsa, bayanan asusunta kuma suna buɗe a gabansa kafin ya ce, "Sannu Hajiya, ina wuni?" In ba haka ba, sai ta sake labari daga farko, katinta na ƙonewa. Ni wannan yana yi min ciwo.

Sau ɗaya kawai muke yarda kira ya tsallaka. In Kaduna ma ta cika, ba ya komawa Kano ya yi ta kai-komo. Na'ura ta riƙe lambar, mu muke kiran mutum da kanmu. Haka nan idan intanet ɗin wani ofis ya yi rauni har murya ta fara yankewa, mukan daina tura masa kira har sai ya daidaita.

Ranar Juma'a da rana, tun kafin layi ya cika muke karkatar da kira zuwa Kaduna, inda abokan aikinmu Kirista ke riƙe waya har a sauko masallaci. Safiyar Lahadi kuma Kano ke karɓar nasu.