Wasiƙa daga Ingila: Kafin a sa hannu a cire mahaifa

Assalamu alaikum iyayenmu mata, yayye da ƙanne, da mazajen da ke ɗawainiya da ku.

Mu 'yan'uwanku ne da ke aikin kula da lafiyar mata a Ingila. Mun rubuto ne kan maganar da ke tayar da hankalin gida baki ɗaya: an yi wa mace gwaji, an ce ƙwayar cutar HPV ta fara ɓata bakin mahaifarta, sai likita ya ambaci cire mahaifa. Daga nan wata ta ƙaurace wa asibiti har abu ya ci ƙarfi, wata kuma ta ce a cire kawai a huta. Duka biyun akwai haɗari.

Abin da aka gani bai zama sankara ba tukuna. Yawancin mutane kan kamu da HPV ta hanyar saduwa, jiki kuma ya kore ta cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Tana iya laɓewa shekaru ba alama, don haka ganin ta yau ba hujjar zargin miji ko mata ba ce. Idan ta ƙi fita ne take sauya fatar bakin mahaifa, musamman nau'i na 16 da na 18, masu haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. A takardar sakamako za ki ga CIN1, CIN2 ko CIN3. Lambar tana nuna yawan kaurin fatar da ya lalace. CIN1 yawanci kan warke da kansa, sa ido kawai ake yi. CIN3 ya cinye kaurin fatar amma bai huda zuwa naman ƙasa ba. Daga kamuwa zuwa sankara kan ɗauki shekara 15 zuwa 20, ga mai HIV kuwa 5 zuwa 10. Akwai lokacin yin tambaya, amma ba na yin watsi ba.

Cire mahaifa ba shi ne maganin farko ba, kuma muna so a ji wannan da kyau. Idan wurin ƙarami ne kuma ana ganin iyakarsa, ana ƙona shi da ɗan ƙarfe mai zafin digiri 100 na ƙasa da minti ɗaya, ko a daskarar da shi. Idan ya fi haka, sai a yanke shi da zoben waya mai lantarki, aikin da ake kira LEEP, a nan Ingila kuma LLETZ. Allurar kashe zafi ake yi a bakin mahaifa, a gama cikin kamar minti 15, mace ta koma gida ranar. Kusan tara cikin goma na warkewa da yanka ɗaya, kuma suna iya ɗaukar ciki, sai dai yanka mai zurfi na ƙara yiwuwar haihuwar bakwaini, don haka a sanar da masu awon ciki.

To yaushe ake kai wa ga cirewa? Idan ɓarnar ta yi ta dawowa, an yanka har bakin mahaifa ya gajarce, ba sauran wurin yanka lafiya. Ko idan sakamako ya nuna AIS, wato lalacewar da ke cikin ramin bakin mahaifa, wadda kan fito nan ta tsallake ta ɓullo can inda ido bai kai, kuma mace ta gama haihuwa. Ko idan akwai wata matsalar da ita kanta ta isa dalili, kamar ƙari a mahaifa mai sa zubar jini. Wadda ba ta gama haihuwa ba ta faɗa ƙarara, kada kunya ta rufe mata baki, domin sau da yawa akwai hanyar jinkirtawa tare da sa ido.

Kuskuren da ya fi ba mu tsoro shi ne a cire mahaifa ba a riga an yanko nama an gwada ba. Gwajin ruwan khal, wanda ake shafawa a ga wurin ya yi fari, bai isa a yanke wannan hukunci ba. Dalili kuwa, idan akwai sankara ɓoye a ciki, tiyata ta yau da kullum ba ta wadatar: sankara na buƙatar a haɗa da naman gefen mahaifa, da saman farji, da kaluluwar ƙugu, ko a yi gashi da na'urar haske tare da allurar sankara. Wadda aka yi wa ƙaramin aiki a kan babbar cuta ta sha wuƙa, kuma sauran magani ya ƙara wuya. Ki tambaya: "Likita, an tabbatar babu sankara a naman da aka yanko?"

Sai ki tambayi abin da za a cire. Dole a haɗa da bakin mahaifa, domin nan cutar take. Akwai tiyatar da ke cire jikin mahaifa ta bar bakin, wannan ba ta da amfani a nan. Gidajen ƙwai biyu kuwa, HPV ba ruwanta da su. Idan lafiyarsu ƙalau kuma al'ada ba ta ɗauke ba, yawanci barin su ake yi. Cire su da wuri na jawo zafin jiki da gumin dare, bushewar gaba, da raunin ƙashi daga baya. Ana yin aikin ta yanka ciki, ko ta gaba, ko ta ƙananan huji da na'urar kyamara. Kwanciyar asibiti kwana ɗaya zuwa biyar ce, gwargwadon hanyar.

Kafin ranar, a auna jini. Mai ƙarancin jini ta fara shan maganin ƙarin jini tun da sauran makonni, a kuma tanadi mai ba da jini. A faɗa wa likita duk abin da ake sha, har da sassaƙe da jiƙo da ƙwayar tazarar haihuwa. Mai shan sigari ko shisha ta daina, domin hayaƙi na hana rauni haɗewa, yana kuma taimaka wa HPV ta zauna. Abinci a tsaya awa shida kafin aiki.

Bayan an fito, dangi su bi sawun abin da aka cire. A inda ake miƙa wa 'yan'uwa shi su kai ɗakin gwaji, a tabbatar yana nutse cikin ruwan fomalin mai hana nama ruɓewa, da suna da lambar kati a jikin robar. Kada a binne shi kafin gwaji, kada a bar shi cikin leda ya lalace. Wannan sakamakon ne zai faɗi ko an kwashe ɓarnar duka.

Za ki farka da robar fitsari, a cire bayan kwana ɗaya ko biyu. Ki tashi ki taka tun washegari, don kada jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda yana wucewa kamar santimita biyu daga bakin mahaifa, mafitsara kuma na manne da shi, shi ya sa akan ji musu rauni wani lokaci. Idan ruwa ya fara zuba ta gaba ba tsayawa, yoyon fitsari ne, ana gyara shi, kada a ɓoye. Zazzaɓi, ruwa mai wari, jini mai gudaji, kumburin ƙafa ɗaya ko haki, duk na komawa asibiti ne a ranar.

Murmurewa kan ɗauki mako shida zuwa takwas. Ban da daka, ɗaukar bokitin ruwa da goyo. A saman farji akwai ɗinkin da ba a gani, don haka ba saduwa, ba matsi, ba zama cikin ruwan zafi har likita ya duba ya ce ya haɗe. Maigida, haƙurinka a nan magani ne, domin ɗinkin na iya ɓarkewa. Bayan an warke, zaman aure na ci gaba yadda yake. Al'ada dai ta ƙare, kuma duk jinin da aka gani daga baya na kai wa likita ne.

Cire mahaifa bai kori HPV ba. Tana iya zama a fatar saman farji ta sake irin ɓarnarta a can. A nan Ingila gwajin farko bayan wata shida ne, kuma idan ba a kwashe CIN2 ko CIN3 duka ba, ana bibiya har shekara 10. A Amurka ana ba da shawarar ci gaba da dubawa shekara 25. Ki sa likita ya rubuta miki ranar dawowa a kati, ki adana kwafin sakamakon naman, domin duk asibitin da kika je gaba shi za a fara nema.

'Ya'yanku mata kuwa, tun watan Oktoba na 2023 Najeriya ta sa rigakafin HPV cikin alluran gwamnati, kyauta, allura ɗaya, an fara da 'yan shekara 9 zuwa 14. Ingila ta fara tun 2008, kuma a cikin waɗanda aka yi wa suna 12 zuwa 13 wannan sankara ta ragu da kusan kashi 87 cikin 100. Ku kai su asibitin sha-ka-tafi mafi kusa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
'Yan'uwanku ma'aikatan lafiya a Ingila