Kwana biyu a Kano kan motar da ke ƙara wuta da kanta

Daren jiya na dawo Katsina, har yanzu ƙurar Ƙofar Ruwa ba ta bar maƙogwarona ba. Abin da ya kai ni Kano wata mota ce otomatik ta wani Alhaji a Kurna, wadda sau biyu tana fizgarsa da gudu, na biyun har ta haye dakalin wani shago. An kai ta gareji uku, kowa ya ce birenbos ne, wato kwamfutar da ke sarrafa inji. Sai surukinsa ya kira ni in duba kafin a zuba kuɗi.

Daga Katsina zuwa Bichi babu abin faɗa. Dab da Dawanau wani mai kaki ya tsare mu, ya buɗe akwatin sifanuna, ya ɗaga na'urar duba mota ya ce, "Kai, wannan ta wa ka ɗauko?" Na ce, "Yallaɓai, kayan sana'ata ne." Ya ce sai na kawo rasit. Minti 40 muka yi a rana, sai da wani dattijo a motar ya sa baki. Ko sallama babu, ko sannu. A wajenmu ko tsare ka za a yi, a ƙalla a fara gaishe ka.

Alhajin ne ya wanke mini wannan takaici. Ya ce, "Injiniya, babu maganar mota sai ka ci." Aka kawo gurasa bandashe da tsire da kunun aya mai sanyi, ya kuma hana ni kama ɗaki, ya ba ni ɗakin baƙinsa. Gurasar Kano dai a bar wa Kanawa abarsu.

Da la'asar na je wajen motar. Yaran gareji suka ruga za su ɗaga bonet, na ce a fara buɗe ƙofar direba. Shimfiɗa uku na tarar a ƙarƙashin ƙafa: kafet ɗin da motar ta zo da shi, a kansa tabarmar roba mai kauri ta wata babbar jif, a kanta kuma guntun darduma. Ƙugiyoyi biyun da ke riƙe kafet a ƙasa duk sun karye. Inji a kashe, na danna totur da hannu har ƙasa, na saki. Bai dawo ba. Bakinsa na ƙasa ya shige bayan tudun robar ya maƙale. Da na haska fitila, ga wurin ya yi sulɓi yana ƙyalli, alamar an daɗe ana gogarsa. Alhaji ya durƙusa ya gani da idonsa, ya yi salati.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Agusta na 2009, kusa da San Diego a Amurka, mutum huɗu suka mutu a cikin Lexus ES350 saboda an sa mata tabarmar wata motar daban ta danne totur. Bayan nan Toyota, mai ƙera Lexus, ta kira motoci kusan miliyan 3.8 a dawo da su gyara kan batun tabarma, a Janairun 2010 ta sake kiran miliyan 2.3 saboda fedar totur mai cijewa ta ƙi dawowa da wuri. Injiniyoyin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, sun binciki ɓangaren lantarki, a Fabrairun 2011 suka ce ba su ga laifinsa ba. Duk da haka a 2013 wata kotu a Oklahoma ta ɗora wa kamfanin alhakin haɗarin wata Camry 2005 bayan an kawo hujja kan manhajar kwamfutarta, a 2014 kuma ya biya dala biliyan 1.2 saboda ɓoye abin da ya sani. Don haka ban ce lantarki ba ya laifi ba. Cewa na yi shi ne na ƙarshe a layi.

Na dai jona na'ura. Motocin da ba su da kebur mai jan totur, fedar totur tana da sensa biyu masu aiki da bolt 5, kowace tana aika nata saƙon, kwamfuta tana gwama su. In suka saɓa, sai ta ajiye lambar matsala irin P2138, ko P2135 in a totur bodi ne (ƙofar da iska ke bi ta shiga inji), ta kunna fitilar inji, ta rage wa motar ƙarfi. Wato yawanci sensa in ta lalace mota sanyi take yi, ba gudu ba. Na taka a hankali daga sama har ƙasa, layukan sensa biyun a kan na'ura suka hau tare babu tsalle. Na girgiza soket da wayoyi, saboda ɓera da ruwan masu wankin inji, babu abin da ya motsa. Silo, wato juyin inji in mota na tsaye, shi ne kawai ya ɗan haura, yana wajen 1,100 a minti bayan inji ya yi zafi, alhali 600 zuwa 800 ya kamata. Na samu tiyon iska ya tsage da baƙin datti a bakin totur bodi. Irin wannan yana sa otomatik ta riƙa jan jiki da ƙarfi in an saki birki, amma ba ya kai ta gudun ɗari.

Washegari muka shiga Ƙofar Ruwa neman ƙugiyoyi da tiyo da gasket. Kasuwar kayan gyaranmu gaba ɗaya ba ta kai layi biyu na nan ba. Totur bodi jibge a ƙasa kamar tulin doya, fedoji rataye a igiya. Wani ya ji abin da ya kawo mu, kafin in rufe baki ya fito da birenbos ya ce 180,000, "in ba ta daina ba ka dawo da shi." Bai tambayi lambar da ke jikin namu ba. Wannan hali na ɓata mini rai, domin mai mota zai tafi da kwanciyar hankali, tabarma tana nan tana jiransa. Tiyon kuwa an fara da 9,000, na aje na yi gaba, yaron shago ya biyo ni muka tsaya a 4,500. A Kano in ba ka iya juya baya ba, ka biya kuɗin baƙunta. Amma gaskiya kayansu sun fi namu sauƙi, kuma abin da za ka yi mako kana jira a Katsina, nan a rumfa ta uku yake.

A bayan kasuwar na tsaya wajen wani tsohon bakanike yana fama da mota mai kebur, irin waɗanda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. An bar mata kebur ɗinta na asali, an lanƙwasa shi ya zagaya bayan inji. Ya zaro cikinsa ya nuna mini: silin waya uku sun tsinke sun miƙe kamar ƙaya, su ke kama bututun. Na ce, "Baba, har da sifirin?" Ya ce sifirin mai dawo da totur ma ya saki. A irin waɗannan a duba kujerar inji, don in ta karye inji yakan ɗaga ya ja kebur. Kan wannan Chevrolet ta kira motoci fiye da miliyan 6 a 1971. Masu dizal kuma nasu daban ne: in tobo, mai tura wa inji ƙarin iska, ya fara zubar da baƙin mai cikin hanyar iska, ko aka cika mai ya wuce alama, inji zai koma shan mansa, a cire makulli ba zai mutu ba. Sai a toshe masa iska da katako ko a sa babbar giya a taka birki a saki kuloci. Kada a sa tafin hannu.

Akwai sanadin da yake da nauyin faɗa wa babba, wato ƙafa ta sauka kan totur mutum yana rantsuwa birki ya taka. Binciken da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta kammala a 1989 kan Audi 5000 nan ya fi karkata, daga nan ne aka yawaita makullin da ke hana giya fita daga P (fakin) sai an taka birki. Silifas, da tuƙi da ƙafa biyu, da wanda ya saba da manuwal ya koma otomatik, duk suna kawo shi. Na faɗa wa Alhaji a keɓe, ya karɓa da kyau.

Da yamma na fita da shi da direbansa wani fili, muka gwada har sau biyar. A taka birki da dukkan ƙarfi sau ɗaya a riƙe, kada a yi famfo, domin in totur a buɗe yake iskar da ke taimakon birki ƙarewa take bayan taku biyu ko uku. A tura giya zuwa N, wato firi, inji ya yi ta ihu, kwamfuta ba za ta bar shi ya wuce iyaka ba. A gangara gefe, sannan a kashe. In dole sai an kashe ana tafiya, makulli taki ɗaya baya kawai, kada a zare shi sitiyari ya kulle. Mai maɓalli kuma a danne shi kamar daƙiƙa 3.

Na wanke totur bodi, na sa kwamfutar motar ta sake koyon silo, ya sauka 700. Tabarmar jif da dardumar muka bar su a gareji. Alhaji ya haɗa ni da turmin shadda daga Kwari da ledar gurasa, direbansa ya kai ni tasha. Mun yi magariba a Tsanyawa, ƙarfe 9 ina gida.