Jingar da ba mu rubuta ba

A farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, na karɓi jingar sa tayil a wani sabon gida a wajen Arkilla, a Sakkwato. Mai gidan yana Abuja, ban taɓa ganinsa ba. Ya damƙa ginin ga ɗan kwangila, ɗan kwangilar ya yanka aikin ya ba wani da muke kira Oga, Oga kuma ya kira ni a waya. Muka tsaya a falon da filastarsa ba ta gama bushewa ba, ya faɗi kuɗin kowace mita, na ce a ƙara, ya ƙara kaɗan, muka tafa. Babu takarda, babu shaida. Abokin yayana ne, mun taɓa aiki tare sau biyu, na ji nauyin in ce masa mu rubuta.

Na ɗauki yara uku. Biyu 'yan unguwarmu ne, na ukun ɗan cirani ne daga Tangaza, yana kwana a ɗakin maigadi. Shi ke kwaɓa siminti, shi ke hawa da katan-katan na tayil a ka, har fatar yatsunsa ta tsattsage. Mako biyar muka yi, muka gama ana gab da kama azumi a ƙarshen Maris, zafin Sakkwato ya fara gasa mutum tun hantsi. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kawai na karɓa a matsayin kafin alƙalami.

Daga nan sai yawo. Oga ya ce ba a sakar masa kuɗi ba. Na je wurin ɗan kwangila, ya saurare ni daga cikin mota, ya ce, "Malam, ni ban san ka ba. Wanda na yi magana da shi na sallame shi." Maigadi ya ƙi ba ni lambar mai gida, ban kuma ga laifinsa ba, shi ma abincinsa yake karewa. Aka yi ƙaramar sallah ban ɗinka wa 'ya'yana komai ba.

Wani ƙanena da ya karanta shari'a a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne ya zaunar da ni. Ya ce yarjejeniyar baka ma yarjejeniya ce, doka ta san da ita, matsalarta hujja. Ya ce wanda ka ƙulla da shi, shi kake bi bashi, don haka in daina ɓata takalmina a ƙofar ɗan kwangila. Ya kuma bambance mini abin da ban taɓa lura da shi ba. Dokar Ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, rikicinsa da ubangidansa kuma na Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne. Amma mai jinga irina, da ya zo da kayan aikinsa da yaransa, an fi kallonsa a matsayin ƙaramin ɗan kwangila, kuɗinsa bashi ne da zai nema kamar kowane bashi. Sai ya ƙara da cewa, "Yaya, su yaran nan uku fa kai suke bi."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin a makon nan ɗan Tangaza ya same ni ya durƙusa ya ce, "Maigida, damana ta kusa, ina son in tahi gida in yi sharar gona." Na amsa masa da cewa ba a biya ni ba. Sai a daren nan na gane kalmomin da Oga ke faɗa mini ne na juya na faɗa wa wanda ya fi ni rauni. Shi ba shi da ƙane lauya, ba shi da mai unguwa a garin nan. Da safe na kai ragon da nake kiwo kasuwa, na biya shi cif, na raka shi tasha.

Muka zauna da ƙanena muna tattara abin da ke hannu. Ƙarancin kuɗin da muka yi ta kuka da shi ya yi mini rana, don kafin alƙalamin ta banki ya shigo, ga sunan Oga a saƙon, ga rana. A WhatsApp akwai muryarsa yana faɗin kuɗin mita, akwai wata yana cewa in yi haƙuri da ciko. Ga hotunan ɗaki-ɗaki, ga ɗan littafin da nake rubuta awo, gefensa duk busasshen siminti.

Ba mu kai kotu ba. Na kai ƙara wurin mai unguwar su Oga, aka kira shi zaure bayan la'asar, liman yana gefe. Da aka kunna muryarsa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka shi daɗe, gaskiya ne." Ashe an biya shi tuni, ya zuba kuɗin a wani aikin yana jiran ya juya. Liman bai yi masa faɗa ba. Ya tuna masa hadisin ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, sannan ya juyo kaina ya ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, to kunyar wa na ji? A nan aka rubuta takarda, biya sau uku, mutum biyu suka sa hannu.

Kashi na ƙarshe ya zo bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500. Kuɗin ya cika a lissafi, amma bai saya mini rago irin wanda na sayar ba.

Yanzu kafin in buɗe katan ɗaya sai na san wane ne a saman wanda ya kira ni, na karɓi lambarsa. Muna rubuta awo da farashi, kowa ya ɗauki hoton takardar, biya kuma ɗaki-ɗaki, in an tsaya in tsaya. Wasu sun ɓata rai sun ba wani aikin. Yarana kuwa duk Alhamis da yamma nake sallamarsu, ko an biya ni ko ba a biya ni ba. Ɗan Tangaza ya dawo da rani ya kama, ya zo da ƙanensa.