Ziyarar gonar shanun madara masu tsantsar jini: inda ya kamata ido ya tsaya

Duk gonar iyali da ke kiwon shanun madara masu tsantsar jini tana da saniyar da ake fara nuna wa baƙo. An wanke ta, an goge ta, hantsarta ta cika. Ka yaba, amma kada ka yi wa gonar hukunci da ita. Gaskiyar garke tana wurin tatsa, da ɗakin maruƙa, da kundin da ake rubuta asalin kowace dabba.

Kafin ka taka gonar, ka nemi izini, ka kuma faɗa musu idan ka shiga wani garke a kwanakin nan. Ciwon baki da kofato yana bin takalmi da tayar mota. A kankare kashin shanun da ke jikin takalmi tukuna, sannan a tsoma shi cikin ruwan magani, domin maganin ba ya ratsa dauɗa.

Ka daidaita zuwanka da lokacin tatsa. Ka tsaya gefe ka lura: ana fara matso ɗigo biyu zuwa uku daga kowane kan nono a duba ko akwai gudaji? Ana goge kowace saniya da tsummanta ita kaɗai? Daga taɓa hantsa zuwa sa injin tatsa, a bar daƙiƙa 60 zuwa 90, lokacin da saniya ke sakin nono. Idan aka yi gaggawa, injin zai ja kan nono babu komai, bakin nonon ya yi kanta, daga nan ciwon hantsa ya samu ƙofa. Bayan tatsa a tsoma kan nonon cikin aidin, a zuba abinci domin shanun su tsaya kamar minti 30 kafin su kwanta, saboda ramin nonon bai rufe ba tukuna. Tankin madara kuma ya sauka zuwa digiri 4 na Salsiyos.

Iri ma yana da nasa awo. Holstein, mai baƙi da fari, ta fi kowace yawan madara, maiƙonta kusan kashi 4 cikin 100. Jersey ƙarama ce, madararta ba ta kai haka ba, amma maiƙonta yakan kai kashi 5. Don haka kwatanta su da lita kaɗai zalunci ne ga Jersey.

A ganina kundin asali ne ya fi cancantar a ɓata masa lokaci. Ka zaɓi saniya ɗaya da kanka, ka karanta lambar kunnenta, ka roƙi a buɗe maka shafinta: uwa, uba, kakanni, da madarar da ta bayar a kwana 305, wanda shi ne ma'aunin da ake kwatanta shanu da shi. Ka duba shekarunta a haihuwar fari. Wata 22 zuwa 24 ake nema. Sannan ka bi sunayen bijimai. Idan suna ɗaya yana ta dawowa ta wajen uwa da ta wajen uba, jini ya yi kusa. Cutar gado da ake kira CVM, mai lalata ƙashin bayan ɗan maraƙi tun yana ciki, ta bazu a cikin Holstein ne ta wannan hanya, daga zuriyar wani shahararren bijimin Amurka, Carlin-M Ivanhoe Bell, wanda aka yi ta amfani da maniyyinsa a ƙasashe da dama. Mai kiwon kirki zai nuna maka sakamakon gwajin jini ba tare da ɓata rai ba.

Ɗakin maruƙa ba ya ɓoye komai. Ka durƙusa a shimfiɗarsu. Idan gwiwarka ta jiƙe, to wurin da ɗanshi, kuma tari da gudawa na tafe. Ka tambayi nawa ake ba jariri na dakashi, kuma yaushe. Amsar da ake so ita ce kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, wato lita 3 zuwa 4 ga ɗan Holstein, cikin sa'o'in farko, domin bayan kwana ɗaya hanjinsa ya daina ɗaukar garkuwar da ke ciki.

Kafin ka yi sallama, ka nemi a nuna maka tsofaffin shanu, masu haihuwa biyar zuwa sama, ka kalli tafiyarsu a kan siminti: baya a miƙe, babu ɗingishi, hantsa ba ta zubo ƙasa da gwiwar baya ba. Idan za ka sayi karsana, 'yar irin waɗannan za ka tambaya.