Wariyar jinsi a takardar neman gurbin digiri na biyu: a faɗa ko a yi shiru?

Duk shekara, idan jami'o'in Amurka da Ingila suka buɗe karɓar ɗaliban digiri na biyu da na digirgir, mata masu nema sukan yi ta tambayar ko ya dace su ambaci wariyar da aka nuna musu saboda kasancewarsu mata a cikin rubutun da za su tura wa kwamitin tantancewa. A ganina ya dace, amma sai mace ta san inda za ta ajiye labarin da kuma wanda zai karanta shi.

Jami'o'i da dama a Amurka, ciki har da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, suna neman takardu biyu daban. Ɗaya ta bayyana manufa ce, inda ake son jin binciken da ɗalibi zai yi da malamin da yake son yi a ƙarƙashinsa, ɗayar kuma ta tarihin rayuwa ce, kuma a cikinta labarin wariya ya fi samun gurbi.

Batun mai karatu ya fi nauyi. A shekarar 2012, wasu masu bincike a Jami'ar Yale ƙarƙashin Corinne Moss-Racusin sun tura wa malaman kimiyya 127 takardar neman aikin kula da ɗakin gwaji iri ɗaya sak, sai dai wasu sun ga sunan John a kanta, wasu kuma sunan Jennifer. Malaman sun fi ganin cancantar John, har suka yanka masa albashin dala 30,238 a matsakaici, ita kuwa 26,508. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne malamai mata ma sun nuna wannan fifiko kamar takwarorinsu maza. Dokar da ake kira Title IX ta haramta wariyar jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayyar Amurka tun 1972, amma doka ba ta shiga zuciyar farfesan da ke karanta takarda ta ɗari da daddare. Haka kuma, a wani bincike na 2006 da Drew Appleby da Karen Appleby suka yi a kan shugabannin kwamitocin ɗaukar ɗalibai a fannin nazarin halayyar ɗan Adam, yawan fallasa sirrin rayuwa yana cikin abubuwan da ke kashe takarda.

Saboda haka nake ganin labarin wariya yana da amfani ne idan ya ƙunshi abu ɗaya takamaimai da ya faru, da abin da mai rubutun ta yi bayansa. A ce ɗalibar injiniya ce wadda aka bar wa rubuta rahoto yayin da maza ke aiki da na'urori. Jimla biyu sun isa su faɗi hakan, sauran sakin layin kuma ya tafi a kan yadda ta nemi izinin shiga ɗakin gwaji bayan an tashi, da na'urar da ta ƙware a kanta, da tambayar binciken da ta fito daga wannan ƙoƙari. Sunan malamin bai kamata ya shiga ba, domin kwamitin ba kotu ba ne, kuma masana fanni ɗaya sukan san juna.

Ga 'yan uwanmu mata daga Kano ko Zinder masu neman tallafin karatu na Chevening na gwamnatin Birtaniya ko na Fulbright na gwamnatin Amurka, akwai wani tarko na daban, wato zana al'ummarsu baki ɗaya da baƙin fenti don a tausaya musu. Masu tantancewa sun karanta irin wannan har sun gaji. Wadda mahaifinta ya biya mata kuɗin jami'a, ko mijinta ya riƙe yara tana rubuta kundin digiri, ta rubuta wannan tare da wariyar, tun da duka biyun sun faru.