Inda na kai a gwajin Dolby da DTS

'Yan'uwa masu koyon haɗa sinima a gida, ga inda na tsaya a gwajin Dolby da DTS, hanyoyi biyu na matse sautin fim don ya rage cin wuri, a tsarin lasifika shida, wato 5.1.

Aikin da ya fi cin lokacina shi ne daidaita ƙara. Sautin Dolby yana ɗauke da wata lamba da ke gaya wa amfilifaya, wato na'urar da ke ƙarfafa sauti ta tura wa lasifiku, matakin muryar masu magana a fim. Idan lambar -27 ce, kamar yadda ake yawan samu, sai amfilifaya ta rage ƙara da desibel 4. DTS kuwa sau da yawa ba a rage masa komai, sai ka ji ya cika ɗaki har ka rantse ya fi. Kunne haka yake, wanda ya ɗara ƙara ko da kaɗan ne shi yake ba gaskiya. Don haka nake ajiye wayata a kujerar da nake zama, in auna ƙarar magana guda a tsarukan biyu da manhajar awon sauti, in daidaita su. Ina kuma kashe tsarin kallon dare, domin yana danne manyan sautuka yana ɗaga ƙanana. Ƙanena ne ke canza sautin ba tare da ya gaya mini wanne ya sa ba.

Ɗanyen sautin 5.1 da ba a matse ba, a kilohaz 48 da bit 24, yana cin kusan megabit 6.9 a daƙiƙa. Dolby Digital a faifan DVD iyakarsa kilobit 448, kusan kashi ɗaya cikin goma sha biyar ke nan, a Blu-ray kuma yana kaiwa 640. DTS a DVD yana zuwa a 754 ko 1,509. Kada yawan lambar ya ruɗe ku, kowanne da dabararsa ta zaɓen abin da zai zubar.

A magana da fashewar abubuwa ban iya raba su ba. Gurnanin babbar lasifikar ƙasa, wanda layinsa bai wuce haz 120 ba, ba ya cin bayanai da yawa. Inda asiri ke tonuwa shi ne ruwan sama da tafin jama'a. Na sa wani wuri da ruwa ke zuba a kan rufi ta lasifikun baya. A sautin da ba a zubar masa da komai ba, ɗigo-ɗigon hagu daban, na dama daban, har kana iya bin guda da kunne. A 448 sai suka cuɗe suka koma kamar sautin suya a cikin mai, faɗin ɗakin ya ragu. Akwai dalili: idan wuri ya yi wa Dolby Digital kaɗan, yana haɗa siraran sautukan layuka wuri ɗaya, ya adana ƙarfin kowanne kawai. A 640 kuwa, da DTS na 1,509, zaɓina ya zama na canki-canka, kuma a ganina wanda yake da waɗannan ba shi da abin damuwa.

Dolby TrueHD, mai kaiwa megabit 18, da DTS-HD Master Audio, mai kaiwa 24.5, ba sa zubar da komai. In daga asali ɗaya aka ɗauko su, abin da ke fita iri ɗaya ne. Wanda ya ji bambanci ya binciki ƙara, ko kuma haɗin sautin ne aka sake a sutudiyo.

Ku riƙa duba fuskar amfilifaya kafin ku yanke hukunci. Wayar haske, wato optical, ba ta ɗaukar TrueHD da DTS-HD Master Audio. In ka bi ta nan, DTS-HD zai sauko ya koma DTS na 1,509 da ke cikinsa, kai kana zaton cikakken kake ji. Sai HDMI kai tsaye daga na'urar faifai, ko eARC, wato mashigar HDMI mai mayar da sautin talabijin zuwa amfilifaya, in ta talabijin ne.

Abin da ke gabana yanzu shi ne Atmos, tsarin Dolby mai ƙara sauti daga sama. A faifai yana hawa kan TrueHD, a Netflix kuma kan Dolby Digital Plus, wanda suka ɗaga zuwa kilobit 768 a 2019. Zan fara da wuraren ruwan sama, in saurari lasifikun sama su kaɗai.